Ranar da Jan Biro Ya Saci Amsa

Shekara ashirin da tara ya yi yana koyar da lissafi a makarantar sakandare ɗaya, kusan ma a aji ɗaya, wanda tagarsa ta ƙarshe ba ta rufuwa sai an tokare ta da dasta. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Jan Biro, don ba a taɓa ganin aljihun rigarsa babu jan biro guda biyu ba, kuma duk littafin da ya bi ta hannunsa yakan fito kamar an yanka kaza a kai. Sunan ya bi shi ofishin malamai, ya bi shi har gida. Maiɗakinsa ma in tsokana ta motsa mata, da shi take kiransa.

Ɗan tela ne. Tun yana ƙarami, kafin mahaifinsa ya lalubo alli ya yi lissafin yadi, shi ya riga ya faɗi amsa. Daga nan aka ce yana da kai, shi ma ya yarda, bai kuma sake waiwayar maganar ba har furfura ta cim masa. Ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga hannu ya doki ɗan kowa ba. Harshe ne da shi. Abu biyu ne ba ya yafewa: jinkirin fahimta da satar amsa. Yaran da ya kora daga ɗakin jarrabawa saboda 'yar takarda a cikin safa, shi kansa bai san adadinsu ba.

Saura masa shekara uku ya yi ritaya aka kawo wa makarantar kwamfutoci goma sha biyu, aka ce za a fara koya wa yara rubuta manhaja, wato tsara wa kwamfuta umarni ta bi. Sai an horar da malamai tukuna, mako huɗu, cikin dogon hutu.

Shugaban makaranta ya ce masa, "Malam, wannan ai naka ne. Lissafi ne kawai aka jona wa wutar lantarki."

Ya yi murmushi ya ce, "Za mu duba."

Malamai goma sha ɗaya suka ba da suna. Kujera ɗaya ta yi saura, sai shugaba ya ce mai buga takardun makaranta ta zauna a kai, tunda dama ita za ta riƙa buɗe ɗakin da rufewa. Shekara ashirin matar nan tana buga takardun jarrabawa a wani ɗan lungu ƙarƙashin matakala, tun zamanin tafireta, har aka koma kiranta Anti Tafireta. Jan Biro bai taɓa sa "Anti" ɗin ba. Yakan tsaya daga bakin ƙofa ya miƙa mata takarda da jan zagaye a kan kurakuranta, ya ce, "Tafireta, sake." Da za a tambaye shi 'ya'yanta nawa, da bai sani ba. Kujerar da ta yi sauran kuwa ita ce ta kusa da tasa.

Mai horar da su wata matashiya ce, sa'ar 'yarsa ta biyu, kowa Injiniya yake ce mata. Ranar farko ta raba musu takarda mai ɗauke da ƙananan ayyukan gwaji guda ashirin, ta ce, "Kwamfuta ba ta san 'ka dai gane' ba. Sauri gare ta, amma ba ta da azanci ko na ƙwayar zarra. Sai ka faɗa mata komai daki-daki."

Na farko, a sa ta yi gaisuwa. Na biyu, ta tara lambobi biyu. Na uku, ta faɗi ko lamba tana rabuwa biyu ba saura. Ya yi su, da yatsa ɗaya, yana neman haruffa kamar kaza na tsintar hatsi. A na huɗu ne tafiya ta fara tsami: a ba kwamfuta lambobi uku, ta fitar da mafi girma.

"Wannan kuma ai ko makaho ya shafa ya sani," in ji shi. "Ka duba, ka ga babba."

Injiniya ta ce, "To Baba, ita ba ta da ido. A ce wani ne ba ya iya kwatanta abu uku lokaci guda, sai biyu-biyu. Yaya za ka bi da shi?"

Amsa dai ya san ta, tun yana ɗan shekara biyar ya san ta. Ta yadda yake sanin ta ne bai sani ba. Duk rayuwarsa amsa zuwa take masa da kanta, bai taɓa tsayawa ya ga ta wace hanya take biyowa ba.

A aiki na biyar aka ce kwamfuta ta ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari. Ya rubuta mata ta maimaita, ya manta bai ce ta riƙa ƙara ɗaya ba. Allonsa ya cika da ɗaya, ɗaya, ɗaya, suna zubowa ba ƙaƙƙautawa. Malamin labarin ƙasa ya leƙo ya ce, "Ka ga shaida! Ko kwamfuta ta san Malam ne na ɗaya." Ɗaki ya ɗauki dariya. Jan Biro ya sunkuya ya fizge wayar wuta, bai lura ba ashe har da ta Anti Tafireta ya kashe. Ta kunna, ta sake buga abin da ta rasa, yatsunta goma suna tafiya kamar ruwan sama a kan kwano. Ya lura kafin ta taɓa madannai sai ta zana 'yan akwatuna da kibiyoyi a bayan tsohuwar takarda. Ya so ya tambaye ta, girman kai ya riƙe masa harshe.

Ranar Alhamis aka ba su aiki na bakwai, a kawo Litinin: makin ɗalibai goma a hargitse, a sa kwamfuta ta jera su daga babba zuwa ƙarami. Kwana uku yana fama a teburin falo. Ya cika shafi shida, ya yage biyar. Maiɗakinsa ta kawo masa shayi, ta tsaya tana kallon tarin takardu.

"Baban yara, ba ka ce matar nan ta ofishinku tana ganewa ba? Ka tambaye ta mana. Mai tambaya ba ya ɓata."

"Ni? In tambayi Tafireta?"

"To, Allah ya ba da haƙuri," ta ce, ta kwashe kofi.

Litinin ya yi sammako da niyyar sake gwadawa. Ya tarar ɗaki a buɗe, ba kowa. Anti Tafireta ta kunna kwamfutarta ta sauka karɓo rajista, aikinta na nan a allo, layi goma sha huɗu cif. Ya ce bari ya ɗan duba farkon kawai. Ya duba farkon, ya duba ƙarshen. Bai ankara ba ya ciro takarda yana kwafa, kunnensa na kan matakala. Ya buga a tasa kwamfutar bai canza ko harafi ba, don bai san wanda in an taɓa ginin zai rushe ba. Ya danna. Maki goma suka jeru reras. Ya tura wa Injiniya tun kafin kowa ya iso.

Da aka hallara, Injiniya ta shigo da fara'a. Ta daɗe tana neman abin da za ta yaba masa. Ta haska aikinsa a bango da majigi, ta ce, "Ku ga na Baba. Tsaf, ba kwana-kwana. Baba, taso ka yi mana bayani."

Ya tashi. Shekara ashirin da tara yana tsayawa gaban allo, ranar ce karon farko da ya tsaya bai fahimci abin da ke rubuce ba.

"Mu fara da nan," in ji ta. "Ka buɗe mazubi uku na ajiye lamba. Wannan ka kira shi hagu, wannan dama. Na ukun kuma ka sa masa suna cinya. Me ya sa cinya?"

Sai a lokacin ya ga kalmar da idon basira, ga ta ɓaro-ɓaro a bango, tsawon tafin hannu.

"Suna ne kawai," ya ce. "Abin da ya zo mini ke nan."

Aka yi dariya, ya samu ya lallaɓa da 'yan kalmomin lissafi, Injiniya ta ƙarasa bayanin da kanta, aka tafa masa. Bai yarda ya kalli gefen kujerarsa ba. Da aka zagayo kan Anti Tafireta, sai ya ji ta ce a hankali, "Ban gama ba, Injiniya. Ya ɗan gagare ni."

Malamin labarin ƙasa ya ce, "Ai dole, Anti. Wannan na masu kai ne."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Jan Biro ya shige ya ja ta ya rufe.

Ya koma gida da rana tsaka, aka ajiye abinci bai taɓa ba. Maiɗakinsa ta zauna gefensa ba ta tambaya ba, har shi da kansa ya amayar da komai, idonsa a kan tabarma. Ta ce, "Shekara talatin ina wanke maka riga, ban taɓa tsintar takardar satar amsa a aljihunka ba sai yau da na ga wata. Na ɗauka ta wani yaro ce ka ƙwace."

Ta miƙe, ta ƙara da cewa:

"Ba ni za ka gaya wa ba, Baban yara. Ka san inda ɗakinta yake."

Washegari ya sauka lungun nan na ƙarƙashin matakala. Karon farko ke nan da ya wuce bakin ƙofa. Wurin ko miƙe hannu ba a yi sosai: tebur, injin kwafi, fayiloli har rufi, da hoton yara huɗu manne a jikin kabad. Ta miƙe za ta ba shi kujerarta, ya ce ta zauna.

"Anti," ya ce. Kalmar ta fito masa da ƙyar. "Aikinki na sata."

"Na sani, Malam."

"Me ya hana ki faɗa? Me ya sa ma kika ɓoye naki?"

Ta gyara zaman fayil ɗin da ke gabanta. "Ka girme ni, ba zan so a yi maka dariya ba. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuma, in na miƙa nawa, aiki biyu iri ɗaya, dole ɗayanmu ɓarawo ne. Tsakani da Allah, Malam, wa kake gani za a ce?"

Wannan ta fi cinyar da ke bango zafi. Ya san amsar, kuma ya san da wani ne ya kwafi aikinta, da shi ne zai fara nuna ta da yatsa.

Can ya ce, "Cinyar fa?"

Ta yi 'yar dariya. Ta ɗauko fayil biyu, ɗaya a tiren hagu, ɗaya a na dama. "In zan musanya musu wuri, ba zan ɗora wannan a kan wancan ba, sai su cakuɗe. Sai in ɗora ɗaya a cinyata, in matsar da ɗayan, sannan in sauke na cinyar. Haka nake jera fayilolin ɗalibai tun da na zo: in duba biyu da ke maƙwabtaka, in ba su daidai ba in musanya, in matsa gaba. In na kai ƙarshe in dawo farko, har sai na bi layin ban taɓa komai ba."

Ta zuba masa fayil goma a tebur ta ce ya jera, amma kar ya kalli fiye da biyu a lokaci guda. Sau uku yana zarcewa, sau uku tana cewa, "A'a Malam, ka yi tsalle." A na huɗu ya gane.

Da aka shiga aji bai jira an zauna sosai ba. Ya miƙe ya ce aikin jiya ba nasa ba ne, na Anti ne, ya kwafa tana ƙasa, ita kuma ta gama nata tun tuni. Ya shirya dogon jawabi a hanya, iyakar abin da ya fito ke nan. Malamin labarin ƙasa ya duƙufa neman wani abu a jakarsa. Injiniya ta rasa inda za ta sa ido, daga bisani ta ce, "To. Anti, zo ki yi mana bayanin da kanki." Aka sake haska aikin a bango, shi kuma ya zauna yana saurare, kunnuwansa kamar an ɗora su a garwashi.

Da horo ya ƙare, Anti ta gama ashirin ɗin duka. Shi goma sha uku ya yi, amma kowanne nasa ne. Ya je ya sami shugaban makaranta ya ce ita ta cancanci riƙe ajin. Shugaba ya ce ba ta da takardar koyarwa, doka ba ta yarda ba. Sai aka rubuta sunan Jan Biro a jadawali, ita kuma aka ce mataimakiya. Shekara uku ita ke gaban aji, shi yana zagayawa tsakanin kujeru, ya fi daɗewa wajen waɗanda suka maƙale. Ba wai harshen nasa ya mutu ba ne, wani lokaci yakan kuɓuce masa. Sai dai yakan dawo washegari ya ja kujera kusa da yaron ya ce, "Mu bi shi biyu-biyu." Duk sanda wani baƙo ya yaba masa da ajin, sai ya ji wuyansa ya yi zafi, ya nuna ta da hannu ya bar wurin.

Yanzu ya yi ritaya. Ita kuma ta shiga karatun malanta na ƙarshen mako, saura mata shekara guda. Farkon kowane zango takan aiko masa da sabuwar takardar ayyukan gwaji ta hannun maiɗakinsa, don sun saba, har ziyara suke yi. Yakan yi waɗanda zai iya a tsohuwar kwamfutar da 'yarsa ta bar masa, ya mayar. Na zangon da ya wuce ya dawo da 'yar takarda a maƙale: "Na ɗaya zuwa na shida sun yi, Malam. Na bakwai ka sake dubawa, ka manta kwamfuta daga sifili take fara ƙirga."