Baba Tassiou, Rediyon Glenwood

A garin Greensboro na Amurka kowa mota yake shiga, ban da Baba Tassiou, tsohon tela daga Damagaram. Kullum da hantsi yakan zaga unguwarmu Glenwood a ƙafa, gida-gida, yana gaisuwa. A bakinsa muke jin wadda ta haihu da wanda ya samu aiki. Wasu na ce masa magulmaci.

A sanyin 2004 na kwanta ciwo, maigidana ya tafi Texas da babbar mota. Baba ya yi sallama, na amsa da ƙyar.

Ya ce, "Fourera, wannan muryar ba ta mai lafiya ba ce."

Kafin la'asar mata sun cika mini ɗaki da kunu da farfesu, alhali ban kira kowa ba.

Mai cewa gulma ce, ya zo ya faɗa a gabana.