Na Tsayar da 'Yata Shaida a Gaban Malamanta

A shekarun da gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa, ni tela ne a kasuwar Mubi, mutumin Michika, ina zaune da iyalina a Wuro Patuji. Ban yi zurfi a boko ba, amma ina iya rubuta wasiƙa, kuma Allah ya ba ni baki. Matata takan ce da surutu yana ɗinka riga, da ban sayi keke ba. Babbar 'yarmu tana aji biyar a lokacin, yarinya mai shiru, mai son karatu.

Da damina ta kankama, sai muka lura yaranmu suna dawowa da tafin hannu duk kanta. Ashe hedimasta ne yake kwasar su zuwa gonarsa ta gyaɗa, ya kira abin darasin noma. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi gida-gida, Musulmi da Kirista, manoma da makiyaya, ina cewa mun kai 'ya'yanmu makaranta ne don su riƙe alƙalami, in fartanya ce kowa yana da ita a gida. Iyaye suka amsa, muka kafa ƙungiya, suka naɗa ni shugaba. Har gobe ina ganin muna da gaskiya a wannan magana.

Muka kai ƙara ofishin ilimi. Jami'in, wato sufeton makarantu, ya ce zai zo, amma sai an samu ɗalibin da zai faɗi abin da bakinsa. Nan fa kowa ya fara sosa ƙeya: wannan ya ce ɗansa yana da in'ina, wancan ya ce tasa ba ta da lafiya. Ni kuwa, don kada a ce shugaba ya ji tsoro, na bugi ƙirji na ce 'yata za ta tsaya. Ban tambaye ta ba. Uwarta ta ja ni gefe ta tuna mini cewa in taro ya watse ni kasuwa zan koma, yarinyar ce za ta koma aji. Na ce mata ta bar mini wannan, ba ta san kan lamarin ba.

Ranar da jami'in ya zo, yarinyar ta tsaya gaban malamanta duka, ta buɗe hannuwa, ta faɗi gaskiya. Aka ɗauke hedimasta zuwa wajen Sorau, noman ya tsaya. Mutane suka yi ta zuwa shago suna yi mini barka, kaina ya yi girma.

Babu malamin da ya taɓa ta da bulala. Sun dai daina ganin ta. In ta ɗaga hannu sai a kira wani, in ta miƙa littafi sai ya dawo ba a duba ba. 'Yan ajinsu suka laƙaba mata 'yar sufeto, suka daina zama kusa da ita. Ni ina can ina shirya taro kan rufin aji da kujeru, ban san komai ba. Sai da zango ya kusa ƙarewa wata mata mai wanki ta tare ni a hanya, ta tambaye ni ko an kori 'yata ne, don kullum tana ganin ta zaune a bakin mayo, wato kogi, da kayan makaranta har a tashi. Na lallashi yarinyar, na yi faɗa, na samo mata wata makarantar. Ta ce ta gama da aji. Ba ta sake komawa ba.

Iyaye 'yan'uwana, ku nemi haƙƙinku a makaranta, kada ku yi shiru. Amma faɗan manya ne, ku tsaya da ƙafafunku, kada ku tura yaro gaba, domin shi zai zauna da malaman bayan kun tafi. Bayan 'yata ta yi aure na roƙi gafararta. Ta ce ba ta taɓa ganin laifina a kan ƙarar ba, kuma da na zaunar da ita na tambaye ta, wataƙila da ta yarda da kanta. Wannan magana ta fi zagi zafi a wurina, domin tambayar ba za ta ɗauke ni minti ɗaya ba.