Kawu a Bencin Masu Ciki

Kawuna mahauci ne a Tawa, teburinsa na bakin kasuwar dabbobi, hannunsa kuwa duk tabon wuƙa. Shekara goma sha wani abu ya yi yana shan maganin sida, wato ƙanjamau, ba wanda ya sani sai matarsa da ni, don ni ce ma'aikaciyar jinya a dangi. Sirrin nan shi ne abincinsa. Mutumin da kullum yatsa ke jini a kan nama, in aka ji abin da ke jininsa, wa zai tsaya ya saurari bayanin cewa ba a ɗaukarta ta nama?

Wata rana ya dawo daga wurin likita ransa a ɓace, wai an ce ya sake allurar tetanos, ciwon nan da ke shiga ta rauni ya sandare mutum.

"Ɗiyata, mi na yi musu? An yi min ita tun ina samari. Kuma sun ce ƙwayar ta kwanta."

Na zauna na yi masa bayani yadda aka koya mana. A jini akwai ƙwayoyin da ake kira B, su ke haɗa makamin kashe cuta, wasunsu kuma aikinsu riƙe kamannin duk cutar da aka taɓa yi wa rigakafi. Shekarun da ya yi kafin ya fara magani, sida ta hana su hutu, kullum a tsaye, har suka gaji, masu riƙon kuma suka ragu. Magani ya kwantar da cutar, amma bai dawo musu da duk abin da suka manta ba.

Ya ce, "To, tsuhwa ne ya kama su kahin ni. A tuna musu."

Matsalar ita ce tsarin asibitinmu. Kwalbar allurar ta mutane da yawa ce, shugabarmu kuma ba ta yarda a fasa ta sai ranar awon ciki, inda za a ƙarar da ita a kan masu ciki. Namiji mai furfura a bencinsu, ai kafin azahar labari ya kai har garin Kalfu. Na ce zan zuƙo masa a sirinji in kawo gida a ɓoye. Gaskiya ba don shi kaɗai ba, ni ma kunyar abokan aikina nake ji.

Kallon da ya yi mini har yau ina jin sa.

"Ni mahauci na. Na san abin da rana ka yi ma abin da anka hiddo cikin sanyi. Ruwan banza za ki tsira min? Kuma in an kama ki hwa?"

Ranar awo ya sauka daga kabu-kabu da farar riga, ya zauna tsakanin mata masu ciki, katinsa na asibiti a hannu. Wata mai baki ta dube shi ta ce, "Baba, naka wata nawa?" Benci ya kwashe da dariya, shi ya fi kowa. Ni kuwa na duƙar da kai ina ta gyaran audugar da ba ta buƙatar gyara.

Da layi ya zo kansa, ungozomarmu, baƙuwa ce daga Damagaram, ta tambaya daga bakin ƙofa ko rauni ya ji. Da ya ce e, da an wuce wurin, ga hannu duk shaida. Kawu bai iya ƙarya ba ko a ciniki.

"Babu rauni. Sida gare ni, na daɗe ina shan magani. Likita yac ce jikina ya mance rigakahi."

Ni na yi masa allurar.

Abin da muka ji tsoro ya faru. Masu tuwo biyu da suka shekara suna ɗaukar nama a wurinsa suka koma wani tebur. Akan wuni rabin akuya na rataye yana kore mata ƙuda. Na yi fushi da shi ƙwarai, na ce wa ya aike shi. Ya ce ya gaji da ɓoyo kamar ɓarawo, alhali ba abin kowa ya ɗauka ba.

Bayan wata guda lokacin allura ta biyu ya yi. Na leƙo na gan shi a bencin, gefensa wani mahauci da na sani tun ina yarinya, ƙato, ya ja rawani ya rufe fuska. Ban taɓa sanin shi ma yana karɓar magani ba. Kawu ya dafa masa gwiwa, ya ɗago ya gan ni.

"Ɗiyata, fara da shi. In na riga shi shiga, gudu zai yi."