Zanen Bayan Rumbu

Kakata ta wajen uba, Kaka Dije, ba ta fara tatsuniya sai ta wanke hannu. In an idar da sallar lisha lokacin sanyi, takan hura wutar kara a tsakar ɗakinta can Karare, ta wanke hannu da ƙafa, ta sake zane, sannan ta ce mu matso. Sana'arta daddawa, kuma kowa ya san aikin kalwa wari gare shi, amma ban taɓa ganin mace mai ƙyanƙyami irin nata ba. Zane guda ta ware don aikin, tsoho, ya yi baƙi ƙirin da toka da ruwan kalwa. Ba ya shiga ɗaki, a bayan rumbu take rataye shi. Saboda tsabtar nan tata mata daga Runka da Tsaskiya sukan ba da sautu a sayo musu daddawar Dije.

Ni ce 'yar lelenta. Sunana Hajara, amma Hajo mai kunnen zomo take ce mini, don ba a yin magana a unguwar ta wuce ni.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tafi, ina da kamar shekara tara. Mun saba ganin majigi sau ɗaya a shekara: mota ta zo, a kafa farin ƙyalle a fili, a haska hotuna masu motsi, wani yana bayani da lasifika. A wannan karon sai masu majigin suka zo da rana, wai ɗaukar hoton suka zo yi. Bature guda ne da akwatinsa mai ƙafa uku, sai tafintansa.

Ina laɓe a bayan zana na ji tafinta yana gaya wa mai unguwa abin da suke nema. Mata biyu za a nuna, ɗaya mai tsabta, ɗaya ƙazama, don mutane su gane illar ƙuda a abinci. Mai tsabtar sun taho da ita daga birni. Ƙazamar ce ta rage, wata tsohuwa mai aikin datti. Mai unguwa ya yi ta wasa da carbinsa, don ba ya son ya ambaci sunan uwar kowa. Ni kuwa da na ji tafinta ya ce ana son yarinya ma a cikin hoton, sai na yi wuf na fito na ce kakata daddawa take yi. Ba zan ɓoye ba, na ji kalmar nan ta "ƙazama" da kunnena, kuma na san ma'anarta sarai.

Na ruga gida na ce wa Kaka labarin daddawarta ya kai kunnen Bature, yana son ya nuna wa duniya. Ta ce ita ina ruwanta da Nasara, amma na ga bakinta ya ƙi rufuwa. Ta buɗe adudu ta ciro zanenta na saƙi, wanda ita da kanta ta kaɗa zarensa, ba ta ɗaura shi sai da salla. Na ce a'a, sun ce zanen aiki suke so. Na je bayan rumbu na ɗauko mata shi da hannuna.

Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Da wanga za ni fita gaban baƙi, Hajo?"

Na ce haka suka ce. Ta ninke saƙin ta mayar.

A lokacin ban gane abin da idona ya gani ba. Baturen ya hau kan mota da akwatinsa, yana leƙo Kaka daga sama. Aka ce ta cire kallabi, ta tsuguna. Tafinta ya yayyafa ruwan kalwa a ƙasa har ƙuda suka taru, sannan Baturen ya sauko ya kai akwatin dab da hannuwanta. Da aka zo kan matar birni, mai sabon farin alawayyo, sai ya kusan kwanciya a ƙasa yana ɗago akwatin sama, rana tana haska mata fuska. Ko muciya ba ta iya riƙewa da kyau ba. Ni kuma aka wanke mini fuska, aka sa mini sabuwar riga, aka tsayar da ni kusa da ita a matsayin 'yarta.

Bayan kaka majigin ya dawo. Duk gari aka fita, Kaka ta ɗaura saƙinta ta zauna cikin mata. Sai ga ta a jikin ƙyalle, 'yar mitsitsiya, a dunƙule kamar ƙunshin tsumma, ƙuda kuwa kowanne ya kai kaza. Mai lasifika ya ce jama'a su dubi ƙazama, su dubi abin da take ciyar da mutane. Fili ya ɗauki dariya. Can sai ga matar birni doguwa, fes, ga ni a gefenta ina murmushi. Yara suka yi ta kiran sunana, kuma na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi. Sai da aka kashe inji na waiwaya, na ga babu kowa a kan tabarmar Kaka.

Majigin ya zaga har Safana da ƙauyukanta. Sautun daddawa ya yanke. Yara suka laƙaba mata Ƙazamar Majigi, manya kuma suka riƙa gaishe ta suna kau da ido, wanda ya fi ciwo. Ta kife tukwanenta. Wata guda cur ba a hura wuta a ɗakinta ba.

Ran nan bayan lisha sai muka hangi hayaƙi. Ta wanke hannu, ta ce, "Ga wata nan ta taho, ku tarbe ta." Muka ce ta iso lafiya.

Ta ce wai an yi wani sarki makaho. Rannan wani baƙo ya nufo garinsa da maganin ido. Ruwa ya yi masa duka a hanya, rigarsa ta jiƙe, sai aka ara masa ta mai ƙona gawayi. Da ya iso ƙofar gari, sarki ya aiki shirwa da tururuwa su gano masa ko wane ne. Shirwa ta hango shi daga sama, ta dawo ta ce wani ɗan tsugul ne, baƙi, mai datti, bai kai ƙwayar wake ba. Tururuwa ta dube shi daga ƙasa, ta ce mutum ne wanda kansa ya taɓo gajimare. To shirwa ta riga isowa, kuma muryarta ta fi ƙarfi, sai sarki ya sa aka kore shi. Baƙo ya tafi da maganinsa, sarki ya mutu bai ga rana ba.

Sale, ɗan baffana, ya tambaya wa ya ara masa rigar.

Kaka ta gyara itacen kara a wuta, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Wata 'yar yarinya ce."

"Ita mi aka yi mata?"

"Ba a yi mata komi ba. Girma ta yi." Sannan ta ce tatsuniya ta tsaya nan, sauran sai a tambayi ɓera.

Wannan daren da na buɗe baki na ce Kaka na sani, na ji abin da tafinta ya faɗa, da ta ja kunnena ta yafe mini, na tabbata. Sai na yi kamar barci ya ɗauke ni. Na ce gobe. Goben nan ta kai shekara goma sha ɗaya, har Allah ya karɓi abinsa ina gidan aure a Batsari.

Yau na girme ta. Jikokina suna kallon talabijin, in aka nuno wani cikin tsumma daga sama, sai su ce ga mugu nan, ko ga wawa, tun kafin ya buɗe baki. Nakan tambaye su ina mai ɗaukar hoton ya tsaya, kuma wa ya ba mutumin nan rigar da ke jikinsa. Suna ganin rigimar tsufa ce kawai, ni kuwa ban taɓa gaya musu dalili ba.

Bayan sadakar bakwai ɗin Kaka, goggona ta miƙo mini ƙunshi. Saƙin nan ne, a ninke kamar yadda ta mayar da shi ranar. Goggo ta ce Kaka ta bar wasiyya a ba Hajo, wai ni ce na san zanen da ya dace da mutum. Goggo tana ganin yabo ne. Yana nan cikin akwatina, duk salla nakan ciro shi in kakkaɓe. Har yau ban iya ɗaura shi ba.