Gidan Sauro da Na'urar Awon Jini

A ranar da na shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu da ke Dutse ina zaɓen kayan tafiya, wata bakwai ke nan da na yanke jiki na faɗi a ofis. Likita ya ce hawan jini ne, ya rubuta magani, ya ce in riƙa motsa jiki. Shi ne na sayi keke na hannu, ina zagaya gari da shi da safe. Tun faɗuwar nan kowa ke lallaɓa ni kamar ƙwai. Ko tari na yi sai matata ta leƙo. Abin ya ishe ni, har na ƙudura a raina zan tuƙa keken nan zuwa ƙauyenmu da ke gaba da Jahun, in kwana a hanya ni kaɗai a gindin wata bishiya, inda babu mai tambaya ta ko na sha magani.

Matata kuwa ce mata na yi a Kiyawa zan kwana, gidan wani abokin aikina.

Ranar Juma'a ce bayan la'asar, ƙarshen damina. Na baje kaya: famfo, tub sabo, faci da sholisho, sifana biyu, tocila, buta, jarkar ruwa, dabino, ƙuli-ƙuli, kaya kala biyu, darduma, ƙaramin risho da tukunyar shayi. Jaka ɗaya gare ni da za ta hau kariyar keke. Na cusa, na danna, ta ƙi rufuwa. Abu biyu suka rage a tabarma, gidan sauro da na'urar awon jinina. Ɗaya kawai zai shiga. Na dubi ƙofar kicin, na tura na'urar ƙarƙashin kujera, na cusa gidan sauron.

Ashe matata tana tsaye a bayana da kwanon wanke-wanke.

"Malam, gidan abokin naka babu gidan sauro ne?"

"Ko da akwai, ai nawa ya fi."

"To rishon fa? Su ma ba sa dafa shayi?"

Na ci gaba da jan zif ɗin jakar. Ta ajiye kwanon, ta sunkuya ta jawo na'urar daga ƙarƙashin kujera, ta riƙe ta a hannu.

"A ina za ka kwana?"

"A hanya," na ce. Ban iya ɗaga kai ba.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta shige ɗaki, na jiyo muryarta ƙasa-ƙasa a waya. Na san wanda ta kira. Yayana malamin makarantar allo ne a Limawa, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ban taɓa yi masa musu ba. Kafin ya zauna da karantarwa, ya yi shekaru yana kai kayan koli kasuwannin ƙauye a kan keke.

Kafin rabin awa sai ga sallamarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ya zagaya keken, ya matsa tayoyin da babban yatsa, ya kama birki.

"Ɗaure kayan naka in gani."

Na ɗora jakar a kariya, na ɗora jarka a kanta, na zagaye da roba. Sau biyu robar tana kufce mini.

"Hau. Ka je bakin layi ka dawo."

Na fito da keken ƙofar gida, na hau. Taku uku na yi a feda, bayan keken ya fara rinjayata. Kan keken na kaɗawa hagu da dama, ruwan jarka na tangaɗi. Wajen juyawa, tayar gaba ta shiga yashi, sai ji na yi komai ya tafi gefe. Na dire ƙafa da ƙyar, gwiwata ta bugi ƙarfe. Da na waiwaya, Yaya na tsaye ya harɗe hannu a baya, matata kuma ta leƙo ta bakin zaure. Na turo keken da hannu, zuciyata na dukan da nake ji har cikin kunne.

"Kawo abin awon," in ji Yaya.

Na zauna a kujera, ta naɗa mini shi a damtse ba tare da ta dube ni ba. Na'urar ta fara ƙugi tana matse hannuna. Na san idan lambar ta haura, tafiya ta mutu, kuma wataƙila keken ma a Limawa zai kwana. Lambar ta fito, ta haura inda likita ya ce kada ta wuce. Matata ta juya fuskar na'urar wajen Yaya.

"Yaya, ka gani da idonka."

"Na gani. Amma wanda ya kusa faɗuwa yanzu, jininsa ba zai faɗi gaskiya ba. A ba shi ruwa, ya zauna."

Muka zauna. Shi yana jan carbi, ita tana tsaye jikin bango, ni ina kallon kaji suna tonon ƙasa. Ina so in kwantar da hankalina, sai tunanin hakan ya ƙara tayar da shi. Ban taɓa ganin minti goma mai tsawon wannan ba. Aka sake naɗawa. Wannan karon ta sauko, ba sosai ba, amma ta shiga iyaka.

Yaya ya jawo jakar ya zazzage ta a tabarma. Ya ware rishon da tukunya gefe guda. Ya cire kaya kala ɗaya da sifana ɗaya. Ya ce a raba ruwan jarka cikin gora biyu, a rataya su ƙasa-ƙasa a gefen kariya, domin nauyi idan ya hau sama shi ke kayar da mutum. Ya saka na'urar a tsakiyar tufafi, ya naɗe kwalin magani a leda ya miƙo mini ya ce aljihun gaba. Sannan ya ɗauki gidan sauron ya juya shi.

"Wannan ka tafi da shi. Amma a zaure za ka ɗaura shi, ba a daji ba. Akwai wani abokin karatuna gaba da Kiyawa, zan kira shi. Idan magariba ta yi bai gan ka ba, da kaina zan biyo hanya. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Yaya."

Matata ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu a hankali. "Ki yi haƙuri. Idan muka tsare shi yau, wata rana zai tafi ba mu sani ba."

Washegari da hantsi na fita. Ta dama mini koko, ta ce Allah ya kiyaye, amma ba ta rako ni zaure ba. Keken ya yi sauƙi, bai ƙara kaɗawa ba. Duk da haka, duk motar da ta wuce ni sai na ƙanƙame kan keken, kuma duk jirin da na ji sai in tsaya in saurari jikina, ban sani ba ko rana ce ko ciwon ne. Na isa ƙauyen malamin kafin la'asar sakaliya, cinyoyina kamar ba nawa ba. Na kwana a zaurensa, washegari na ƙarasa ƙauyenmu, kwana biyu bayan nan na dawo gida lafiya.

Ta karɓi jakar, ta kawo mini abinci, ta yi mini sannu da hanya irin wadda ake yi wa baƙo. Haka muka yi kusan mako guda. Sai ranar Lahadi, ina goge keken a tsakar gida, ta zo ta zauna a kan turmi.

"Ni na je asibiti na same ka ba ka san inda kake ba," ta ce. "Da wani abu ya faru, gidan abokinka za a je nemanka."

Na ajiye tsumman, na ce ta yafe mini. Sannan ta tambaye ni ko gonakin wajenmu sun yi kyau bana. Na ce gero ya yi, amma wake yana son ruwa ɗaya.