Bidi da Geron Sadaka

Mantuwa ta kwashe mini abubuwa da yawa na aiki, har da sunayen wasu shugabannin da na yi wa biyayya, amma ta bar mini Juma'ar da Bidi ya ƙi ɗaga ƙafa. Tunda kun ce in rubuta muku wani abu, ku da kuke shirin karɓar gonakin mutane ku kula da su, to ga shi. Ba labarin nasara ba ne. Masu labarin nasara suna da yawa, kuma su aka fi miƙa wa abin magana a wurin taro.

Na koyar da ilimin noma a makarantun sakandare na ƙasar Kazaure har na yi ritaya ina mataimakin shugaban makaranta. Ga wanda bai san tsarin ba, wannan shi ne muƙamin da ake ba mutum idan ana so ya yi aikin shugaba ba tare da kujerar ba. Bayan na ajiye alli, wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu injiniya ne a Abuja, ya kira ni ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar 'yar gona a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, yana so in riƙa duba ta. Na amsa, domin zaman ƙofar gida ya fara gundurata, ni ma na fara gundurar mutanen gida.

Gonar ba ta da girma. Gero da dawa, wake a tsakani, gyaɗa a gefe, rumbuna, rijiya, 'yan awaki, sai barga mai dawaki biyu: wata goɗiya da ake hawa zuwa kasuwa, da Bidi, dokin marigayi. Tsarin aiki kuwa haka yake: Injiniya a sama yana magana ta waya, ni a tsakiya, Mamman a ƙasa. Mamman magidanci ne, shi ke aikin barga tun yana saurayi. Sai Hajiya Inna, matar marigayi, wadda ba a sa ta cikin tsarin ba, amma ba a yanke komai sai yadda ta ga dama.

Aikin doki ba shi da wuya, ƙarewa ce ba ya yi. Da sassafe a share barga, a kwashe kashi a kai juji ya zama takin bazara. A ba shi ruwa kafin abinci. A zuba harawa. A goge masa jiki, a duba kunnuwa da ƙarƙashin wutsiya saboda kaska, a ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya a ƙwaƙule tsakuwa. Jefi-jefi a jiƙa masa kanwa. Da la'asar a yi kilisa, wato a hau shi a zaga da shi ya motsa jini. Hatsi kuwa gwargwadon aiki ake ba shi. Wanda ya yi doguwar tafiya ya ci, wanda ya wuni a turke 'yar dusa ta ishe shi. Dalilin shi ne doki ba saniya ba ne. Ba ya tuƙa, ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan. Idan hatsi ya yi masa yawa, in bai murɗe masa ciki ba, sai ya sauka ƙafa: kofato ya ɗauki zafi daga ciki, naman da ke riƙe da shi ya fara saki. Na sha rubuta wannan a allo, yara suna hamma.

Marigayi Alhaji Baffa mutum ne da idan shekara ta yi tsanani yakan buɗe rumbu ya ba mutane iri da na tuwo, ba ya tambayar komai. A kan Bidi yake zagaya ƙauyukan. Da ya rasu, mutanen da ya ciyar suka rasa inda za su kai godiyarsu, sai suka ga doki. Ban san wanda ya fara ba. Na dai tarar duk wanda ya zo gaida Hajiya sai ya biyo ta barga da ɗan gero a ƙwarya ko a aljihun riga, ya miƙa wa Bidi da hannunsa, ya ce, "Allah Ya kai ladan kabarin Baffa." Ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, har layi ake yi. Sirdi kuma an rataye shi a zaure tun ranar jana'iza, domin babu wanda zai ɗora jikinsa inda Baffa ya zauna. Ga hatsi, ba aiki. Da a jarrabawa aka ba ni wannan tambayar, ɗalibin da ya fi kowa barci ma zai amsa ta.

Na fara da Mamman, kamar yadda tsari ya ce a fara daga ƙasa.

"Mamman, dokin nan yana ƙiba."

"Alhamdu lillahi, Malam."

"Ba yabo nake yi ba. Dubi wuyansa, ya yi tozo kamar bijimi. Daga yau duk wanda ya zo da gero ka ce ya mayar."

Ya jingina tsintsiya da bango ya ce, "Allah gafarta Malam, jiya Liman ne ya kawo. Shekaranjiya kuma Baba Sale, abokin ubana, wanda har yau ba na iya cin abinci a gabansa. Wanne zan fara kora?"

Sai na haura sama. Na kira Injiniya na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara da ladabi irin na tsohon ɗalibi, sannan ya ce, "Malam, ai kai ka sani. Ka yi duk abin da ya dace. Amma don Allah kada a ɓata wa Hajiya rai." Ku riƙe irin wannan umarni da kyau, domin za ku sha karɓarsa. Rabinsa na farko yana sake ka, rabinsa na biyu yana ɗaure ka, mai bayarwa kuma ya ajiye waya yana ganin ya warware matsala.

Na nemi iso wurin Hajiya. Na zauna a kan tabarma a bakin ƙofa, ita tana ciki bayan labule. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya sabuwa, sannan na shigo da maganar a hankali.

"Hajiya, geron nan yana cutar da Bidi."

"Gero, Malam? Geron da muke ci?"

"Shi, Hajiya. Mu muna aiki. Shi kuwa yana tsaye."

"To a ce mai dokin ya ciyar da gari, dokinsa kuma a bar shi da karmami? Mutane su ce me? Su ce ƙasa ba ta gama rufe shi ba mun fara tsuke hannu?"

Na ce to a bari Mamman ya riƙa hawansa. Ta ce, "Wa zai hau?" Ba tambaya ba ce, ni ma ban ɗauke ta tambaya ba. Na kawo misalin goɗiyar, wadda ba mai ba ta komai sai harawa, ga ta lafiya lau. Hajiya ta ce ai ita goɗiya dabba ce.

Abin da na samu a ƙarshe shi ne izinin a riƙa jan sa da igiya da la'asar. Mamman ya ja shi ya bi da shi ta cikin gari, doki ba mahayi. Mata suka leƙo ta kan katanga suka fashe da kuka. Wata tsohuwa ta zube a bakin hanya tana salati. Washegari Hajiya ta aiko cewa a daina, ana tayar wa mutane da mutuwa. Muka koma zagaya gona da shi, amma damina ta yi nisa, shuka ta rufe ko'ina, wurin da ya rage bai fi tsakar gida ba.

Na sake wata dabara. Na rataye buhu a ƙofar barga, na roƙi Liman ya sanar cewa mai son yi wa Baffa sadaka ya zuba a nan, za a raba wa mabuƙata. Liman ya sanar, har ya yaba da shawarar. Mutane suka karɓa hannu biyu. Kowa sai ya zo da gero ninki, ya zuba rabi a buhu, ya miƙa wa Bidi rabi. Wani ya ce mini, "Malam, na buhu daban, na hannu daban. Shi ai ya san hannuna."

Haka muka kai kaka. Aka yanke gero, gari ya cika da sabon hatsi, kowa yana so Baffa ya ɗanɗana na farko. Ni kuma aiki ya sha mini kai: a ɗaure dammunan gero a kai rumbu, a tuge gyaɗa, a naɗe harawa a ɗora kan itace kafin gara da awaki su raba ta, a toshe dangar da shanun makiyaya suka fara leƙawa. A ranar Juma'ar da nake faɗa, na shiga barga da hantsi na tarar Bidi ya miƙe ƙafafunsa na gaba can gaba, ya jingina nauyinsa a baya kamar mai shirin zama. Gumi ya jiƙe shi. Mamman ya ja igiya, ya ƙi motsi. Na durƙusa na dafa kofato, na ji zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na nemi ɗaga ƙafa ɗaya, ya ƙi, domin ɗayar ba za ta iya ɗaukarsa ita kaɗai ba.

A irin wannan, ƙa'ida ita ce ka sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, shi kuma idan abin ya fi ƙarfinsa ya kira likita. Abin ya fi ƙarfinsa tun a waya. Likita ya iso daga Kazaure a kan babur bayan an sauko daga masallaci. Ya taɓa, ya ƙwanƙwasa kofato, ya yi masa allurar rage zafi. Ya ce a haƙa ɗan rami a zuba yashi, a tsayar da ƙafafun a ciki, a riƙa kwara ruwan rijiya mai sanyi ba ƙaƙƙautawa, kuma kada ƙwayar hatsi ta sake shiga bakinsa. Sannan ya juyo ya ce, "Malam, wa ke auna masa abinci?"

Kafin in buɗe baki sai ga sallama. Baba Sale ne, da sandarsa, da ƙwarya cike da sabon gero.

"An ce ba shi da lafiya," in ji shi. "Na ce bari in kawo masa ya ci ya sami ƙarfi."

Likita ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. Ya cire takalminsa ya durƙusa ya gaida tsohon, ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya ce za a ba shi in ya ji sauƙi. Bai sake tambayata wa ke auna abinci ba.

Daga ranar aka daina ba shi gero. Na sa kwaɗo a ƙofar barga ba wanda ya ce uffan, domin "likita ya ce" ta fi "Malam ya ce" nauyi, musamman in likitan ya zo daga nesa kuma zai koma. Mutanen da suka kawo geron su ne suka kawo guga. Suka yi ta jan ruwa a rijiya, wani ya gaji wani ya karɓa, har tafin hannun Mamman ya sale. Danga ta faɗi ba wanda ya kula, awaki suka shiga suka yi wa harawar da ba a ɗora ba abin da suka daɗe suna so. Ban ko yi faɗa ba. Bidi ya yi kwanaki a tsaye cikin yashi, sannan ya kwanta. Muka riƙa juya shi muna sa masa ciyawa a ƙarƙashi don kada gefensa ya yi gyambo, gyambon kuma ya yi. Likita ya sake zuwa, ya duba tafin kofaton, ya wanke hannu ya hau babur ya koma. Wata safiya, Mamman yana goge masa wuya, Bidi ya ja dogon numfashi ya daina.

Muka haƙa masa rami a ƙarshen gona. Gari ya fito kamar an yi rashin mutum. Na ji ana cewa tun ranar da Baffa ya rasu dokin nan bai sake walwala ba, baƙin ciki ne ya ci shi a tsaye. Da na je wurin Hajiya, ta ce daga bayan labule, "Dama na sani, Malam. Ba zai iya zama bayansa ba. Amma mun gode Allah, bai tafi da yunwa ba."

Na ce, "Haka ne, Hajiya. Allah Ya jiƙan Baffa."

Da yamma Injiniya ya kira.

"Malam, tsakani da Allah, me ya kashe shi?"

"Gero."

Ina jin hayaniyar motocin Abuja a bayansa. Can ya ce, "Kada ka faɗa wa Hajiya."

"Ban yi niyya ba."

Har yanzu ina gonar, mun tayar da dangar, mun sayi harawa a kasuwar Gwiwa a shekarar da ya kamata mu sayar. Abin da zan ce muku shi ne, a makaranta mun koya muku yadda ake tsare dabba daga cuta, da yunwa, da mai sakaci. Waɗannan masu sauƙi ne, domin mai sakaci ana iya yi masa tsawa ya ji kunya. Ba mu koya muku yadda ake tsayar da dattijon da ya taho da ƙwarya da kyakkyawar niyya ba, kuma ni da na rubuta darasin ban iya ba. Idan kun karɓi gona, kafin ku duba haƙoran doki ku tambayi na wane ne, da wa ke son sa, da bashin alherin da mai shi ke bin su a zuci. In ya zama na mutumin kirki ne da ya rasu, ku nemo likita tun dokin yana tafiya da ƙafafunsa, ku zaunar da shi a zaure ya faɗa da bakinsa a gaban manya. Maganar ɗaya ce da taku, amma tasa za a ji.