Falasmar Tamimu

Muhibba, matso da tabarmar nan, ki ji labarin yayanki Tamimu, tunda ke a nan Riyad aka haife ki, ba ki san shi da littafi ba.

Yaron nan tun yana ƙarami ba ya barin tocila da rai, sai ya farke ta. Ya yi jami'a a gida, ya ƙara wata a kai. Na ce, "Kai angona, me kake karantawa haka, ba ka ƙarewa?" Ya ce, "Tsohuwa, ki bari, kanki zai yi ciwo." Na ce faɗa min dai, ja'iri. Wai wani soso ne marar nauyi, kamar kumfar sabulu ta bushe, a harba masa haske mai ƙarfi, leza, sai ya koma ba ruwa ba, ba hayaƙi ba, irin abin da ke cikin rana. Sunansa falasma.

To babanki Idrisu, kawunsa, shi ya ce zai kawo shi nan. Ya ji falasma, kin san a nan unguwarmu Manfuha falasma talabijin ce, mai faɗin nan ta bango. Ya je wajen wani mai shago ya ce, "Ɗan ƙanwata mu'allim ne, gwani a falasma." Mutumin ya yi murna, ya zama kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa ya shigo ƙasar. Iƙama, takardar zama, ta fito: mai gyaran talabijin.

Ranar da Tamimu ya gani ya ce, "Kawu, me ke nan?" Idrisu ya ce, "Kai dai ka shigo tukuna, a gyara daga baya." Daga baya! Hmm.

Ya yi ta yawo da takardunsa bayan an tashi daga shago, har wani malami a wata jami'a ya ce yana son sa, a mayar da kafalarsa hannun jami'ar kawai. Kafili ya ce la, wallahi la, ba zai sake shi ba, hannun yaron yana masa kyau. Kullum bukra, wai sai gobe. Malamin ya jira, ya gaji, ya ɗauki wani.

Yanzu duk layin nan Abu Falasma suke ce masa, yana amsawa.

Bara abokin karatunsa ya zo taron masana a garin nan, ya yi ta kiran wayarsa. Ina zaune. Ya kalli wayar, ya kife ta a kan tabarma, ya ɗauki tsani ya tafi ɗaura wa wasu dish na talabijin.